Wasiƙa zuwa ga aminiyata kafin a yi mata aikin maƙoƙo

Assalamu alaikum Aminiya,

Ina gaishe ki da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Ya maigidan da yaran? Saƙonki ya iso, na ji an sa ranar aikin maƙoƙon, kuma tun daga lokacin barci ya ƙaurace miki. Wallahi na san wannan halin. Daren da za a yi mini nawa, kwana na yi ina kallon fankar ɗakin, zuciyata na dukan uku-uku.

Kin tambaye ni ko garin sha ɗin nan da ɗanki ya aiko daga Ingila, wanda suke kira firibayotik, zai rage miki fargaba ki samu barci. Ba maganin barci ba ne fa. Abinci ne da cikinmu ba ya narkarwa, sai ya gangara babban hanji, ƙwayoyin bakteriya masu amfani su ci. Irinsa na cikin albasa da tafarnuwa da ayaba da wake. Hanji da ƙwaƙwalwa kuwa suna aika wa juna saƙo, shi ya sa fargaba ke tsinka wa mutum ciki. A 2015 masu bincike a jami'ar Oxford sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 45: waɗanda suka sha wani nau'insa mako 3, sinadarin damuwa, kotisol, ya ragu musu da safe. Amma fa masu lafiya ne, ba wanda wuƙar likita ke jira a cikinsu. Ni dai ba zan rataya masa dukkan fatana ba.

In za ki sha, ki fara yanzu, kaɗan-kaɗan. Kada ki bari sai jajibiri, don yana kumbura ciki, ga yawan tusa, ki yi mini afuwa. Ki ɗauki gwangwanin ki nuna wa likitan da zai sa ki barci, har da ƙwayar tafarnuwar nan da kike sha, ita tana iya sa jini ya ƙi tsayawa da wuri. In sun ce kar ki ci komai awa 6 kafin aiki, to har garin.

Abin da ya kwantar mini da hankali, wata nas ce da ta zauna bakin gadona ta faɗa mini komai dalla-dalla, har inda zan farka. Ki yi ta tambaya, kar ki ji nauyi.

Ki aiko mini da ranar da lokacin, zan sa a yi sadaka da safiyar. Ki gaida Hajiya Babba.

Taki har kullum.