Zuwa ga ɗana, bayan jan katin ranar Lahadi

Garwa, daren Laraba

Assalamu alaikum, ɗana.

Ina fatan kana lafiya. Mu nan ƙalau muke, sai dai zafin Garwa da ka sani. Binuwai ta ja baya har yara suna buga ƙwallo a kan rairayi. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Kawunka ya kira ni daren Lahadi bayan isha'i, ya ce da kansa ya je filin. Ya ce sa'a guda ta farko babu wanda ya kama ƙafarka, kai ka ba da ƙwallon da aka ci, ko kai ba ka ɗaga ba. Daga nan wani ɗan bayansu ya taka ka, ya raɗa maka wata magana a kunne, kafin alƙalin wasa ya kai usur baki har ka ture shi ƙasa. Aka ɗaga maka jan kati, ka cire kambun kyaftin ka yar a kan ciyawa. Yaran da aka ba ka amanarsu suka ƙarasa su goma, aka farke, aka ƙara musu ɗaya.

Ka san al'adarmu, uba bai cika zaunar da ɗan fari ya yi ta magana ba, ko sunanka ban taɓa kira a gaban mutane ba. Amma yau kwana uku abin yana cina, takarda kuwa ba ta jin kunya.

Allah ya ba ka kaifin basira tun kana ƙarami. Kana shekara takwas kake zama a ƙofar gida kana kallon darar kakanka, ka riƙa nuna masa inda abokin wasansa zai sa tun bai sa ba. Wannan baiwa ita ta kai ka Yawunde, ita ta sa koci ya tsallake waɗanda suka girme ka ya ɗaura maka kambu. Ita ce kuma nake jin tsoro a kanta, don mutane suna kasa bambanta ta da gaggawa, kai ma na ga alamar ka fara rikita su.

Ƙwallo kun fi ni sani. Abin da na sani hanya ce. Shekara 26 na yi ina jan babbar mota, ina ɗauko kayan da jirgin ƙasa ya sauke a Ngaundere in kawo Garwa, wani lokaci in wuce Marwa har Kusseri. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowane sakan. Kafin ido ya gaya wa ƙafa ta bar totur ta koma birki, an riga an ci wannan tazarar, ga kuma nauyin kaya yana tura ka daga baya. Direban da ya dogara da saurin ƙafarsa ba ya tsufa a wannan sana'a. Maigidana na farko, Allah ya jiƙansa, ya koya mini cewa idan na hango akuya a gefen titi, kada in tsaya kallonta, in nemi 'ya'yanta. In suna ɗaya gefen, to za ta ƙetare, ko yanzu ko an jima, sai in ɗaga ƙafa tun daga nesa. Wanda ke zaune kusa da ni sai ya ce, kai, direban nan akwai sauri. Alhali ni tun mita ɗari biyu baya na gama shawara.

Haka gangaren dutsen nan da ake saukowa bayan an baro Ngaundere. Tun a sama ake tsayawa a duba taya, a sa mota a ƙaramar lamba, a bar inji ya riƙe ta. Wanda ya shiga da babbar lamba yana cewa zai rage a tsakiya, birki zai yi zafi ya saki, a lokacin kuma dabara ba ta da amfani. Na ga motoci a cikin kwarin nan da idona, wasu na san masu su.

Abin da na gani a hanya shi nake gani a fili. A 1990 ina saurayi muka cika ɗakin wani maƙwabci muna kallon wasanmu da Kolombiya a Napoli. Roger Milla yana da shekara 38, da yawa cikin 'yan filin sun fi shi gudu. Amma duk duniya ta san mai tsaron gidansu René Higuita yana son fitowa nesa da raga yana wasa da ƙwallo, Milla kuma yana lura da shi. Da Higuita ya so ya ja ta baya da tafin ƙafa a ƙarin lokaci, sai tsohon ya zare ta ya tafi ya zura a raga babu kowa. Muka ci 2 da 1, Kamaru ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a kofin duniya. Wannan ai akuya ce da 'ya'yanta.

Na 2017 kuwa tare muka kalla, kana zaune a kan tabarma kana cizon yatsa. Wasan ƙarshe na kofin Afirka a Libreville, mu da Masar, kunnen doki 1 da 1 har minti na 88. Aka ɗago wa Vincent Aboubakar, ɗan garinmu da ya taso a Coton Sport, doguwar ƙwallo. Ya tare da ƙirji, ya ɗaga ta ta saman kan Ali Gabr, ya doke ta ta wuce Essam El Hadary. Taɓawa uku, kofi na biyar ya zo gida. Babu wanda zai ƙirƙiro wannan a cikin sakan biyu da 'yan baya a wuyansa. Ya san inda kowa yake tsaye tun ƙwallo tana sama, ƙafarsa kuma ta maimaita irin wannan a atisaye har ta daina neman izinin kai. Ko mai tsaron gida haka yake a bugun fenariti: mita 11 ce tsakani, bugu mai ƙarfi ba ya kai rabin sakan ya iso, in ya jira ya ga inda ta nufa ya makara. Ƙafar da mai bugu ya dasa yake karantawa, da ƙugunsa. Saboda haka ka ci gaba da waiwaye kafin ƙwallo ta iso ka, hagu da dama, kamar yadda nake duba madubi ko da hanya babu kowa.

To amma wannan Aboubakar ɗin, a kofin duniya na 2022 a Katar, ya ci Brazil da ka a ƙarshen wasa, karo na farko da wata ƙasar Afirka ta doke su a kofin duniya. Murna ta ɗauke shi ya cire riga, alhali yana da katin gargaɗi ɗaya a kansa. Alƙali ya miƙa masa hannu yana murmushi, sannan ya kore shi. Muna ƙaunarsa, ranar garin nan bai yi barci ba. Duk da haka ka duba, kan da ya iya lissafin tsallen 'yan bayan Brazil, zuciya ta rufe shi na ɗan lokaci ya mance da katin da ke kansa. Shi farin ciki ne ya ja shi, kai fushi, amma ƙofa ɗaya suka shigo. Rigobert Song ma yana da shekara 17 aka kore shi a kofin duniya na 1994, aka sake korarsa a 1998, daga baya ya zama kyaftin ɗin da ya ɗaga mana kofin Afirka a 2002. Jan kati ba ya rufe wa yaro hanya in ya karɓi karatun da ke ciki.

Wanda ya zage ka ranar Lahadi ya karance ka, ɗana. Ya ga ba zai iya da ƙafarka ba, sai ya nemi 'ya'yan akuyar, ya same su. A wannan minti shi ne mai basira a filin. Kuma yanzu labari ya bazu, kowace ƙungiya za ta aiko maka da mai raɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau, a ɗakinka, zuciyarka a sanyaye, ka yanke abin da za ka yi in an sake: hannu biyu a baya, ka nemi tsari daga Shaiɗan, ka juya ka yi taku goma zuwa wajen mai tsaron gidanku. Ka ce wa abokanka su riƙa tsokanarka a atisaye har jikinka ya saba da wannan juyawar. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne wanda ke mallakar kansa lokacin fushi. Mallakar kai kuwa ana koyonta kamar yadda ake koyon bugu da ƙafar hagu.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne kambun da ka yar. Zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa mahaifiyarka ba. Ina da wani yaron mota, kunnensa yana jin ciwon inji kafin inji ya nuna. Wata safiya a Mbe ya mance bai tokare taya ba, mota ta ɗan gangara ta bugi rumfar mai shayi. Na mare shi a gaban jama'a. Bai ce uffan ba, ya ɗauki ledar kayansa ya tafi. Sai daga baya na ji cewa a daren aka aiko masa mahaifiyarsa tana kwance rai a hannun Allah, ya kwana bai runtsa ba, ya ji nauyin ya roƙe ni izini. Na ga idonsa jawur tun da asuba. Ni da nake hango akuya daga mita ɗari biyu, ban karanta fuskar da ke zaune kusa da ni ba. Na neme shi shekaru ban same shi ba, har yau ina sa shi a addu'a.

Labarin zuciya a tambayi fuska. Kyaftin yana da fuskoki goma da zai karanta, ban da ta alƙali. Wane ne ya gaji yana ɓoyewa, wane ne ya ɓarar da ƙwallo yana bukatar a dafa kafaɗarsa, wane ne sai an ɗaga masa murya yake farkawa, wane ne in an ɗaga masa murya ya mutu ke nan har a tashi. Tun gasar Turai ta 2024 ma aka fara tsarin cewa kyaftin kaɗai ke tunkarar alƙali a kan babban hukunci, wato bakinka shi ne bakin mutum goma sha ɗaya. Babba juji ne. Zagin da aka zuba maka ranar nan, rabonka ne a matsayinka na mai kambu ka haɗiye shi don su ƙarasa wasa su cika.

Kada ka jira koci ya kira ka. Gobe kafin a fara atisaye ka tara yaran ka ba su haƙuri, ba tare da ka kawo abin da aka faɗa maka a matsayin hujja ba. In ka haɗu da alƙalin, shi ma ka gaishe shi ka ba shi haƙuri. Idan an ba wani kambun, ka ɗaura masa da hannunka, ka yi masa biyayyar da kake so a yi maka. Ranar wasan da za ka zauna a waje, ka je da wuri, ka ɗauki ruwa, ka kalli filin daga sama, za ka ga abubuwan da ba a gani daga ciki. Wayar nan kuma ka ajiye ta bayan isha'i. Na san abin da rashin barci yake yi wa ido da hankali, na gani a kan titi.

Mahaifiyarka ta haɗa maka kilishi da yaji da man shanu, za mu ba wani direba abokina ya sa a jirgin ƙasa ranar Asabar, kawunka zai karɓa. Karatu kuma kada ya yi baya. In ka gama da yaran gobe, ka kira ni ka gaya mini yadda suka karɓa, ko da dare ya yi zan jira.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka.

Mahaifinka