Aiki ɗaya, albashi biyu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ce wani abu game da muhawarar daidaita albashin maza da mata.

Na koyar shekara shida a wata makaranta mai zaman kanta. Darasi ɗaya muke koyarwa da wani abokin aikina, takardar shaidarmu ɗaya, amma albashinsa ya fi nawa. Da na tambayi mai makarantar, sai ya ce wai ai mijina ke ciyar da ni. To, albashi ladan gumi ne ko sadaka? Ciyarwa tana kan miji, ban musa ba, amma wannan tsakanina da maigidana ne. Ina kuma zawarawa da matan da ke riƙe da marayu?

Sashe na 17 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a biya albashi daidai kan aiki iri ɗaya, ba tare da bambancin jinsi ba. Sai dai yana cikin Babi na Biyu, wanda kotu ba ta tilasta aiki da shi. Najeriya ta kuma amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1951 kan batun.

A aikin gwamnati mataki ke yanke albashi, don haka da sauƙi. Ɓarnar tana makarantu, asibitoci da shagunan 'yan kasuwa, inda ake cinikin albashi a ɓoye. Ina roƙon Majalisar Tarayya ta yi dokar da za ta ba ma'aikaciya damar kai ƙara.

Wata malama,
Zariya