Zuwa ga ɗana a Agege, kan ruɗewar da Kawu ya shiga

Assalamu alaikum, Babana.

Ina fatan kuna lafiya kai da iyali. Ya mai jiki? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Na ga gara in zauna in rubuto maka, don a waya ba ma gama magana: ko layi ya yanke, ko wani ya karɓe wayar ya shiga gaisuwa, sai mu rabu ban faɗi abin da ke raina ba.

Ka ce kwanan nan barci ya yi wa Kawunku yawa, ba ya rabuwa da kofin ruwa, fitsari ba dare ba rana, bayan gida kuma ya ɗauke masa. Ka ce shekaranjiya ya kira ka da sunan ƙaninmu da ya rasu, yana tambayarka ko motar shanu ta iso Oko-Oba, mutumin da ya bar kasuwa tun bara. Na kuma ji fassarar kowa. Gwaggonku ta ce iska ce, abokansa na zango sun ce ciwon ya hau kai sai dai addu'a, mai kemis ɗin layinku ya ce suga ne. Ni da na ƙare ƙuruciyata a ɗakin jinyar maza, abin da ya fara zuwa mini daban ne. Mai kansar huhu, musamman irin wadda takardarsa ta nuna, idan ya haɗa ƙishirwa da yawan fitsari da taurin ciki da ruɗewa, to kalsiyam ake fara aunawa a jininsa. Ka kai shi asibiti ranar da ka karanta wannan, kada ka jira ranar da aka rubuta muku a kati. Asibitin koyarwa na LASUTH na nan Ikeja kusa da ku, ba sai kun sha cunkoso har asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba ba, sai fa in likitocinsa na can sun ce can za a kawo shi. Ku shiga ta ɓangaren gaggawa, ka riƙe duk takardunsa.

Bari in yi maka bayanin abin, don na san halinka, ba ka yin abu da zuciya ɗaya sai ka gane dalilinsa.

Babban mutum yana ɗauke da kalsiyam wajen kilo 1 a jikinsa, kuma kashi 99 cikin 100 yana cikin ƙashi da haƙora. Ɗan ragowar da ke yawo a jini shi ne jijiyoyi da tsoka da zuciya da ƙwaƙwalwa ke aiki da shi, kuma jiki ba ya son ya ƙaru ko ya ragu. Masu tsaron wannan ma'auni wasu 'yan ƙwayoyi ne guda 4, mitsi-mitsi, a wuya, manne a bayan tsokar nan da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Sunansu faratairod. Da kalsiyam ya yi ƙasa sai su saki wani sinadari da likitoci ke rubutawa PTH. Shi ne zai sa ƙashi ya saki kalsiyam, ya sa ƙoda ta riƙe wanda zai fita a fitsari, ya kuma sa ta gyara bitamin D don hanji ya tsotso ƙari daga abinci. Da ma'auni ya cika, sai su yi shiru.

Ka ɗauka ƙashi rumbu ne, PTH kuma shi ke riƙe da mabuɗi, yana ɗibar abin da gida ke buƙata ya rufe. Abin da kansar ke yi shi ne ta yanko nata mabuɗin, ta buɗe rumbun ta bar shi a buɗe, ba kuma wanda zai ce mata ya isa ta ji. Wannan sinadari nata ana rubuta shi PTHrP. Farkonsa ya yi kama da na PTH sosai: cikin tubalan gininsu 13 na farko, 8 iri ɗaya ne, shi ya sa ƙashi da ƙoda ba sa bambance su. Ba baƙo ba ne a jiki, yana da aikinsa na halal wajen girman ƙashin jariri, da fitowar haƙora, da kai kalsiyam cikin nonon mai shayarwa. Kansa ce ke fitar da shi ba lissafi.

Lokacin da muke makarantar koyon jinya ba a ma gano shi ba. Tun 1941 wani likita a Boston ta Amurka, Fuller Albright, ya yi zargin cewa wasu kansoshin na fitar da abu mai aikin PTH, amma sai a 1987 aka iya ware shi, kuma masu binciken Melbon ta Ostareliya daga ƙwayoyin kansar huhu suka ciro nasu. Na kawo maka wannan ne don ka gane ba lallai sai ciwo ya ci ƙashi kalsiyam ke hawa ba. A masu kansa da kalsiyam ɗinsu ya hau, wajen 8 cikin 10 wannan sinadarin ne sanadi, sauran yawanci ciwon ne ya sauka a ƙashi yana cinsa. Saboda haka hoton ƙashin da aka yi masa aka ce ba a ga komai ba, bai kore wannan ba. Kansar huhu kuma iri-iri ce. Irin ta Yaya, wadda ake kira sukwamas, ita ta fi kowace yin wannan, kuma tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da taba. Ba gori nake yi wa yayana ba, ya riga ya daina. Kai dai nake kallo, don labarin zaman shisha da kuke yi da daddare ya iso ni har Kano. Za mu yi wannan maganar.

Abin da ke sa ciwon ya yi saurin kayar da mutum shi ne ruwa. Kalsiyam mai yawa yana hana ƙoda riƙe ruwa, sai fitsari ya yawaita. Ga tashin zuciya yana hana shi sha yadda ya kamata, ga barci. Jiki ya bushe, ƙoda ta rage tacewa, kalsiyam ya ƙara taruwa, fitsari ya ƙara kwashe ɗan ruwan da ya rage. Haka zai yi ta zagayawa, har mutumin da ya yi sallar Juma'a da ƙafarsa ya kasa gane 'ya'yansa kafin wata Juma'ar. In aka bar shi, ƙoda na iya tsayawa, bugun zuciya ya rikice, ya suma.

Idan an ba ka sakamakon, ka duba da kanka. A mai lafiya kalsiyam yana tsakanin 2.1 da 2.6 in an rubuta mmol/L a gefe, ko 8.5 zuwa 10.5 in mg/dL aka rubuta, don ɗakunan gwaji a Legas kowa da nasa. Daga 3.0 abin ya fara nauyi, 3.5 zuwa sama kuwa gaggawa ce sosai. Amma akwai wani tarko. Kusan rabin kalsiyam ɗin jini yana maƙale ne da wani sinadari mai suna albumin, kuma wanda ya rame kamar Yaya albumin ɗinsa ƙasa yake, sai adadin ya fito ƙasa da gaskiyarsa. In kalsiyam a mmol/L aka rubuta, albumin kuma a g/L, ana ƙara 0.02 a kan kowane maki ɗaya da albumin ya gaza 40. Misali, in kalsiyam ya nuna 2.7 albumin kuma 25, ainihin lissafin 3.0 ne. Don haka ka roƙa a auna su tare, da gwajin ƙoda. Ka yi tambayar cikin ladabi. Likitan da ya kwana a tsaye yana iya ganin 2.7 ya wuce, kuma ba zai ji haushin ɗan'uwan da ya tuna masa ba.

Mai yiwuwa su auna PTH ɗin kansa. Kada ka rikice in ka ga ya yi ƙasa, haka ake sa rai: ƙwayoyin wuya sun ga kalsiyam ya yi yawa sun yi shiru, kansar ce ke aikin. In kuwa ya fito sama, to akwai yiwuwar ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan 4 ce ta kumbura, ciwo na daban wanda ƙaramar tiyata ke magancewa. Gwajin PTHrP ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba, ga tsada, kuma sau da yawa likita ba ya buƙatarsa kafin ya fara magani. Kada ka ci bashi dominsa sai in sun nace.

Maganin farko ƙarin ruwa ne, ruwan gishiri ta jijiya, leda bayan leda, har lita 3 ko fiye a yini in zuciya da ƙoda za su ɗauka. A nan aikinka yake. Ka nemi roba mai ma'auni ka riƙa auna fitsarinsa kana rubutawa, ka sa ido kan numfashinsa da ƙafafunsa. In ya fara haki ko ƙafa ta kumbura, ka kira nas nan take, ruwan ya yi masa yawa ke nan. Bayan jiki ya jiƙa sai a ba shi maganin da ke hana ƙashi sakin kalsiyam. Wanda aka fi amfani da shi zoledronet ne, miligiram 4 ta jijiya cikin minti 15 ko fiye. Wani wurin famidronet suke da shi. Ba ya aiki a ranar. Sai bayan kwana 2 zuwa 4 ake fara gani, ƙarfinsa ya cika wajen mako guda. Ina jaddada maka wannan don na san mutanenmu: washegari za a fara cewa allurar ba ta karɓe shi ba, a ɗauke shi a koma gida. Kada ka yarda. Yana iya yin zazzaɓi da ciwon jiki kwana ɗaya ko biyu bayan allurar, wannan sananne ne. In adadin ya yi sama ƙwarai akwai kalsitonin mai aiki cikin sa'o'i, sai dai ƙarfinsa na gushewa bayan kwana 2. In kuma ƙoda ta raunana, akwai denosumab.

Ka tattara duk magungunan da ke ɗakinsa a leda ɗaya ka kai wa likita, har na gargajiya. Na tuna yana shan Moduretic don hawan jini. A cikinsa akwai maganin da ke sa ƙoda riƙe kalsiyam, likita zai so ya canza shi. Haka ƙwayoyin ƙarin ƙarfin ƙashi da bitamin D da masu dubiya ke kawowa, da wasu magungunan olsa na tsotsa masu kalsiyam. Diklofenak da ibufurofen kuma a ajiye su, suna cutar da busasshiyar ƙoda. Furarsa da nono kuwa kada a hana shi sai in likita ya ce, domin daga ƙashinsa kalsiyam ɗin ke fitowa, ba daga ƙwarya ba, kuma mutumin da cokali uku ke ƙosar da shi ba a rage masa abin da yake so. Azumin Litinin da Alhamis da ya saba, a lallashe shi ya bari, Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame. Da ya ɗan farfaɗo a riƙa tayar da shi zaune, a taka da shi ko zuwa bakin ƙofa ne, don dogon kwanciya ma na sa ƙashi sakin kalsiyam.

Gwaggonku kuma kada ka yi musu da ita. A yi masa tofi, a karanta masa Alƙur'ani a gefen gadon, ba abin da ya hana ledar ruwa tafiya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a rufe shi a ɗaki ana turare ana jiran aljani ya yi magana, jikinsa na ƙara bushewa. Likitoci za su duba wasu dalilan ruɗewar, suga da gishirin jini da ƙwayar cuta, wataƙila har hoton kai, don kansar huhu takan je can ma. A bar su su duba.

Saura magana mai nauyi, kuma kai na zaɓa in faɗa wa don kai ne a kansa. Hawan kalsiyam a irin wannan ciwo yawanci alama ce ta ya yi nisa. Da yawa daga waɗanda ya kai su nan, watanni ake lissafa musu, ba shekaru ba, ko da yake rai na hannun Allah kuma na ga waɗanda maganin kansar ya karɓa suka jima. Allurar takan riƙe shi mako 3 zuwa 4 ne, sannan kalsiyam ya sake hawa matuƙar ciwon na nan, sai a maimaita. Don haka ku riƙa auna jinin a kai a kai, kuma ka tambayi likitocin cibiyar kansa ta LUTH ko jikinsa zai ɗauki gashin ƙari da na'ura ko kemo, wato magungunan kashe kansa, tunda rage ƙarin shi ne ke rage sinadarin daga tushe.

Wani zai ce to mene ne amfanin wahalar da shi. Amfanin shi ne hankalinsa. Yaya ya yi shekaru yana harkar shanu a Agege, kuma harkar nan da baki ake yin ta: akwai kuɗin mutane a hannunsa, akwai nasa a hannun mahauta, akwai amanar da ba a rubuta ko'ina ba sai a kansa. Yana da 'ya a Zariya da ba su yi magana ba tun rigimar gadon mahaifiyarta. Idan ruwan nan da allurar suka yi aiki, cikin 'yan kwanaki za ka ga ya dawo yana gane mutane, yana sallarsa da niyya, yana neman goro. Kada ka ɓata waɗannan ranaku da cewa sai ya ƙara warwarewa. Ka samu littafi ka zauna kusa da shi, ka kira mutum biyu amintattu daga cikin abokan kasuwarsa su zama shaida, ya faɗi wanda yake bi da wanda ke binsa. In yana da wasiyya ya yi, ka tuna masa ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji. Ka kira 'yar tasa ka haɗa su. Ka tambaye shi, shi da bakinsa, ko yana son ya zauna Ikko kusa da likitocinsa ko a dawo da shi gida. In ya zaɓi gida, kada a saka shi motar dare yana wannan hali. A daidaita jinin tukuna, a karɓi takardar bayani daga likitansa wadda za mu kai asibiti a nan.

Na tura maka abin da ya sawwaƙa ta asusunka, ka fara da shi a gwaji da ruwa. Ƙaninka zai ƙaro in albashi ya shigo. Kai ma ka riƙa samun mai canjinka da daddare, ga 'ya'yan Kawun nan biyu a Mile 12, a raba kwanan da su. Da sakamakon ya fito ka ɗauki hotonsa ka turo mini ta WhatsApp, shafin duka, har da wurin albumin da na ƙoda.

Ka gaishe mini da Yaya ko bai gane ba, ka ce masa ina nan tafe. A gaida mai ɗakinka da yara.

Mahaifiyarka.