Na kulle kyanwata a ɗaki, yanzu cinta ya dawo wuyana

Assalamu alaikum Hajiya. Barka da aiki, ya iyali, ya kuma wannan zafi? Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ni mai sauraron shirinki ce daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa. Na san yawancin wasiƙun da ake aiko miki na rikicin aure ne da na kishi da tarbiyyar yara. To tawa ta kyanwa ce. Ki dara in za ki dara, ƙanena ma da na ari wayarsa sai da ya riƙe ciki, amma don Allah ki karanta har ƙasa, domin maganar ta soma shiga tsakanina da uwar mijina.

A daminar 2022, lokacin ambaliyar da ta ci gidaje da gonaki a yankinmu har zuwa Ringim, yara suka tsinto ta a kan wata rusasshiyar katanga, jiƙe sharkaf, ba ta wuce tafin hannu ba. Suka sa mata suna Marka. Tun da ta tasa ba mu ƙara jin motsin ɓera a rumbu ba, alhali kafin zuwanta buhun wake ba ya sati a ɗaki sai an yi masa faci. Ba mu taɓa damuwa da abin da za ta ci ba. Ta yi farautarta da dare, in ana cin tuwo a gutsura mata loma, shi ke nan.

Wata biyu da suka wuce wani maƙwabcinmu da ya ajiye wake da riɗi yana jiran su yi kuɗi ya barbaɗa shinkafar ɓera a ɗakin ajiyarsa. Ban ga laifinsa ba, dukiyarsa yake karewa. Amma ɓeran da ya ci guba ba a nan take yake tsayawa ba, yana ratso danga yana layi, kuma irinsa ne ya fi sauƙin kamu. Da asuba na fito ɗibar ruwan alwala na tarar da ɗan Marka na haihuwar fari, wani jan muzuru, kwance a bayan randa, kumfa a bakinsa, yana shure-shure. Kafin a idar da salla ya mutu. A lokacin Marka na ɗauke da tsohon ciki. Na ce abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba, na kama ta na kulle a ɗakin da nake ajiye kayan ƙuli-ƙulina, na zuba mata yashi a tsohon kasko don ba-haya. A nan ta haifi 'ya'ya uku, yau sati biyar ke nan.

Kin san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Tun muna Islamiyya muke jin sa, ban taɓa zaton zai hana ni barci ba sai yanzu. Ni na raba ta da ɓeraye, don haka ni ce ɓerayenta.

Da fari abin da muke ci nake ba ta: tuwo da miyar kuka, ɗumame, fura da nono. Ta lashe miyar ta bar tuwon. Nonon kuwa zawo ya riƙa sa ta. Cikin sati biyu, ga shayarwa, sai da na riƙa ƙirga haƙarƙarinta da yatsa, gashin ya yi buzu-buzu ya daina sheƙi. Ranar da muka yi miyar nama na tsamo mata tsoka biyu da romo, ina ganin na yi abin kirki.

Ashe rashin sani ya fi dare duhu. Wani malamin dabbobi da ya zo yi wa awaki allura a ƙofar gidan mai gari, na aika aka roƙo shi ya leƙo. A tsaye ya yi min bayani, babur ɗinsa ma bai kashe ba. Ya ce kyanwa ba kare ba ce, halittarta ta cin nama ce zalla, hatsi ba ya riƙe ta. Ya ce yawancinsu in sun girma cikinsu ba ya narkar da madara, zawon ke nan. Da na ambaci romon miya sai ya dafe kai, ya ce albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna farfasa mata ƙwayoyin jini, ga gishiri da magi da ba ta buƙata. Ya ce akwai wani sinadari, taurin, da jikinta ba ya iya haɗa isasshe da kansa, sai ta samu a nama, kuma ya fi yawa a zuciya. In ta daɗe ba ta samu ba ido na iya mutuwa, zuciyarta ta raunana. Hanta kaɗan, kamar kashi 1 cikin 20 na abincin, don in ta yi yawa tana taɓa ƙashi. Kada in ba ta dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soke ta. Tsoka ita kaɗai kuma ba ta gina ƙashi, sai in daka ɓawon ƙwai in zuba, kamar rabin ƙaramin cokali a rabin kilo na nama. Har ya hau babur ya waiwayo ya ce ko da wasa kada in jiƙa mata Panadol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Na yi shiru, don ana gobe zai zo ma da dare na yi niyyar hakan.

Ga yadda nake yi yanzu. Ran Lahadi in maigida zai tafi kasuwar Gujungu sai in ba shi kuɗin ƙulina ya karɓo min fince wajen mahauta, da zuciyar akuya ko ta tunkiya, da ɗan yankin hanta, wani lokaci da ƙundun kaji. In wanke, in rage kitsen, in zuba a ƙaramar tukunya da ruwa daidai kan naman, ba gishiri ba komai, in bar shi ya dahu har cikinsa. Ruwan ba na zubarwa, don malamin ya ce rabin amfanin yana komawa cikinsa. Sai in yayyanka, in kirɓa a ƙaramin turmin da na ware mata, wanda bai taɓa ganin attaruhu ba, ina zuba romon kaɗan-kaɗan har ya yi kaurin fate. Ɓawon ƙwan kuma in tafasa shi, in shanya, in daka, in tankaɗe. Hajiya, da za ki ga yadda take yi in ta ji taɓarya ta sauka a wannan turmin! Tana miƙewa da ƙafa biyu a jikin zanina, wutsiya a sama, tana wani gurnani kamar ana niƙa a nesa. Cikin kwana goma gashinta ya kwanta, nono ya sauko, 'ya'yan suka yi ɓul-ɓul. Shekaranjiya babban cikinsu ya tsoma hancinsa a kwanon ya yi atishawa, sannan ya dawo ya lasa.

To ga inda gizo ke saƙar. Kasuwa sau ɗaya ce a mako, mu kuwa ba wuta balle firji, ga shi bazara ta kankama. Abin da na dafa Lahadi da yamma, kafin la'asar ɗin Litinin ya soma tsami, ita kanta sai ta sansana ta kau da kai. Na gwada sake tafasa shi safe da yamma kamar yadda muke wa miya, ya kai Talata, amma ya zama kamar igiya. Muna da tukunyar nan biyu, ƙarama cikin babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin wadda Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa tun muna yara. Tana riƙe min tumatir da gauta kwanaki, shin zan iya amince mata da dafaffen nama, kuma na kwana nawa? Ko kuwa in feɗe naman siriri in shanya kamar na kilishi, ba labu ba yaji, kullum in jiƙa kaɗan in dafa? In na yi haka, taurin ɗin nan zai tsira? Daga Laraba zuwa Asabar dai da dafaffen ƙwai da kifi nake cike giɓin. Kifi ba ya yi mana wuya, muna kusa da kogi, tarwaɗa da karfasa ina dafawa in tsince ƙayar da hannu. Shin kifin banda ma zai yi, kuma kwana huɗu a jere kan kifi bai yi yawa ba? Ma'aunin kilo ma ba ni da shi, da ido nake ƙiyasta ɓawon ƙwan. In da wani awo da ludayi ko gwangwanin madara, a taimaka min da shi. Su kuma ƙananan, yaushe zan fara zuba musu nasu daban, kuma sau nawa a yini?

Sai maganar Inna, uwar mijin nawa, wadda ita ce ta fi nauyi a raina. Tun da kaya suka yi tsada daga 2023, nama a gidanmu sai an yi sa'a, wani makon ƙamshinsa ma ba a ji. Ranar da Inna ta ga ina kirɓa zuciya sukutum, jikokinta na zagaye da turmin suna haɗiyar yawu, ta tsaya ta dube ni ta ce, "Yau na ga abin da ya isa. Yara na cin garau-garau, mage na cin tsoka." Ban iya ɗaga ido ba, domin gaskiya ta faɗa. Tun daga ranar nake raba abin biyu, rabi a miya rabi nata, amma Inna ba ta sauko ba. Cewa take na mai da Marka kyanwar Lami, in sake ta ta koma aikinta, abin da Allah ya rubuta shi zai same ta. Da wata kaza ta kwanta ta mutu a makon jiya kuwa cewa ta yi ga nama nan kyauta, in jefa mata. Na ƙi, don ina jin ana faɗa a rediyo cewa murar tsuntsaye na kama kyanwar da ta ci mushen kaza. Na sa aka binne ta, Inna ta yini ba ta amsa min magana ba.

Maigida ya tsame kansa. Ya ce kuɗina ne, amma kada in bari uwarsa ta yi fushi. A nawa lissafin, hatsin da Marka ta tsare mana tun zuwanta ya ninka kuɗin fincen nan sau da yawa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai dai ba ni da bakin faɗa wa Inna haka. Jiya da dare ma na ji ƙaraf-ƙaraf a rumbu, na ja bakina na yi shiru.

Don haka ki ba ni shawara, Hajiya. In ci gaba da tsare ta har maƙwabcin ya sayar da kayansa, ko in yaye 'ya'yan in sake ta? In kina da likitan dabbobi da za ki tambaya, a ba ni amsar ajiyar naman kafin Lahadi, don in san abin da zan ce a sayo. Inna ma shirinki ba ya wuce ta, a ɗakinta rediyon yake kwana, saboda haka ki sassauta harshe a kanta, kuma kada ki ambaci sunan Marka a iska, nan take za ta gane.

Taki mai sauraro,
daga ƙasar Taura.