Zuwa ga Auta, a kan takardar da kika ƙi aikawa

Landan, daren Lahadi.

Assalamu alaikum, ƙanwata.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya kamar yadda nake a nan, sai dai sanyi da ya sa mu gaba, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu. Ki gaishe min da Baba da Inna, ki ce wa Inna maganin ƙafarta yana hannun wanda zai sauka Kano ƙarshen wata. Yaya mutanen Ƙofar Marusa?

Jiya Inna take gaya min a waya cewa an nuna miki tallar aikin ƙaramar akanta a wani kamfanin sarrafa shinkafa, kika karanta kika ajiye, wai ba ki cika sharuɗɗa ba. Na so in kira ki, sai na tuna halinki: za ki ce "to Yaya" sau goma, ki kashe waya, shi ke nan an binne magana. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Na ga hoton tallar. Suna son digiri ko HND a fannin akanta, da takardar bautar ƙasa, da gogewar shekara 2, da sanin Excel da manhajar lissafi ta QuickBooks, sannan in mutum ya fara jarrabawar ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, "zai fi". Kina da digirinki na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, kin gama bautar ƙasa, Excel kuwa ke kika koya wa rabin gidanmu. To, abin da ya rage fa?

Auta, ke 'yar ɗan kasuwa ce. Kin taɓa ganin Baba ya yanka wa buhun gero kuɗi, mai saye ya biya bai taya ba? Wanda ya rubuta tallar nan ya faɗi farashin farko ne, ya zana akantan da yake mafarkin samu, kuma ya sani sarai wanda ya haɗa duk waɗannan ba zai zauna a kan albashin mai farawa ba. A rashin tayi akan bar arha. Iyakar abin da za su ce miki shi ne "albarka", ki yi gaba.

Bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa Baba ba. Da na gama digiri na biyu a nan, bizar da ake ba wanda ya kammala karatu ta shekara 2 ce, kwanaki kuma suna ta zubewa. Wata bakwai na yi ina jidar kwalaye da dare a wani katafaren sito, saboda kowace talla na buɗe sai in ga "gogewar aiki a Birtaniya", in rufe. Da na gaji, sai na bi ta hanyar banza: na rubuta a CV cewa na ƙware a manhajar lissafi ta Xero, alhali bidiyo biyu kawai na kalla a YouTube. Suka kira ni intabiyu, suka ajiye min kwamfuta suka ce in shigar da rasit uku. Zufa ta karyo min cikin sanyin nan. Har yau in na bi ta titin sai in sunkuyar da kai. Wannan kada ki kuskura ki yi shi.

Inda nake yanzu, ƙaramin kamfani ne na kayan gini. Cikin abu shida da suka lissafa, uku nake da su. Na faɗa wa matar da ke riƙe da sashen kuɗi gaskiya, cewa manhajar lissafi ta Sage ban taɓa aiki da ita ba, kuma harajin VAT da na saba da shi na gida ne, kashi 7.5 cikin ɗari, nasu kashi 20. Ba ta ce komai ba, sai ta miƙo min takardar banki da littafin shige da ficen kuɗi, ta ce sun saɓa da fam 90, in nemo inda matsalar take. Ina ganin 90 na tuna dabarar da aka koya mana tun a kwalejin Hassan Usman: in saɓanin ya rabu da 9 ba saura, fara duba ko an juya lambobi ne. Na bi layi-layi da bakin biro, sai ga 540 an rubuta shi 450. Minti biyar ban cika ba. Sage ɗin da ta hana ni barci, cikin mako biyu na saba da ita.

Yanzu zancen gogewa. Wa ya riƙe littafin bashin Baba tun kina aji biyu a jami'a? Wa ya gano cewa yaron shago yana rubuta buhu 12 alhali 14 suka fita? Wa yake zama bayan la'asar yana haɗa kuɗin POS da na aljihun tebur da abin da ya shiga banki? Wannan aikin suna gare shi a littattafanku, ke ce kawai kike kiransa "taya Baba". Ki rubuta shi da shekarunsa, ki faɗi yawan abokan cinikin da kike bin lissafinsu, ki haɗa da shekarar da kika yi a ofishin kuɗi lokacin bautar ƙasa. Ba ƙarya a ciki ko ɗaya.

Amma ki iya raba farilla da nafila. Takardar digiri da ta bautar ƙasa farilla ce. In aiki na sa hannu a kan rahoton odita ne, sai wanda ya zama cikakken ɗan ICAN ko takwararta ANAN, nan babu tayi. Wasu manyan kamfanoni ma kwamfuta ce ke tace takardu, in sun ce sai mai digiri mai daraja ta biyu ta sama (2:1) ko sun ƙayyade shekarun haihuwa, kafin idon mutum ya gani an watsar. Kada ki ɓata kuɗin data a can. Ƙananan wurare irin wannan kuwa, mutum ne zai karanta. In da hali ki kai da kanki, zuwa da kai ya fi aike. Duk kuma wanda ya ce ki biya kuɗin fom ko na "riƙe gurbi", ɗan damfara ne, ko da ya ambaci sunan Kawu.

Ni ACCA nake yi yanzu, takwarar ICAN ta nan Birtaniya, jarrabawa 13 ce gaba ɗaya, kuma ko ka cinye su sai ka haɗa da wata 36 kana aiki kafin su karɓe ka. Kin ga ke nan su kansu sun san a bakin aiki ake koyonsa. Ki bincika ICAN, suna yafe wa masu digirin akanta wasu darussan farko in sun amince da kwas ɗin makarantarsu. Kuɗin rajistar na ɗauka, zan turo ta asusun Inna. Da kin yi, sai ki rubuta cewa ke ɗalibar ICAN ce, layi ɗaya ya ragu.

Tallar ta ce za a rufe ranar Juma'a. Ki turo min CV ɗin ta WhatsApp kafin Laraba in duba, kuma ki cire wannan adireshin imel mai "gimbiya" a ciki, don Allah.

Ki ce wa Gwaggo kilishin ya iso, abokan zamana sun cinye rabi kafin in dawo daga aiki. In za a sake aikowa, a haɗo da yajin Inna.

Naki,
Yayanki.