Ku daina ɗora wa hedimastan ƙauye laifin da ba nasa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na daren Lahadi ya ɓata mini rai ƙwarai. Baƙon nan naku ya yi ta nanata cewa lalacin shugabannin makarantu ne ya kashe karatu a karkara, mai gabatarwa kuma bai tanka masa ko sau ɗaya ba. Haba jama'a!

Baƙon ya kawo alƙaluman Bankin Duniya na 2022, cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Ban musa ba, na gani da idona. Amma me ya hana shi faɗin cewa hukumar UNESCO ta ce a 2024 duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara? Ina yake tsammani giɓin ya fi yawa, a makarantun birni?

Hedimasta na yi a ƙauye har na yi ritaya. Ni ne shugaba, ni ne malamin aji biyu lokaci guda, rajista a hannuna take. Da shuka da girbi ni ke bin iyaye gida-gida ina roƙon a sako mini yara. Iska ta yaye rufin aji, ni ne neman kafinta. Baƙon naku ya ce aikin shugaba shi ne ya zauna a bayan aji ya duba yadda malami ke koyarwa. Gaskiya ne. To, in na zauna, wa zai tsaya gaban allo?

Tambayar da ya kamata ku yi masa ita ce: wa ake turawa ƙauye? Malami ya yi laifi a gari, horonsa a tura mini shi. Sabon malami ya nuna ƙwazo, yara sun fara haɗa baƙi, kafin in ankara takardar canjin wurin aiki ta iso, an mayar da shi gari. Mai uwa a gindin murhu kuwa ko hanyar ƙauyen ba zai taɓa sani ba. Ba a taɓa neman shawarata a kan ko ɗaya ba, amma in sakamako ya fito ni ake tuhuma. 'Ya'yan talakawan nan ba su fi kowa rashin basira ba, malamai aka hana su.

Don Allah ku gayyato hedimastan da ke bakin aiki a ƙauye ya amsa wa mutumin nan, a ba shi lokaci daidai da nasa.

Sannan kiɗan da kuke sakawa a ƙarƙashin kanun labarai ya yi ƙara, yana danne muryar mai karantawa. Mu dattawa ba ma jin rabin abin da ake faɗa. Ku rage shi.

Wassalam,
Mai sauraronku, tsohon hedimasta