Motar karkara: a duba ƙasanta kafin a duba girmanta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi duk wanda harkarsa take kai shi karkara a kai a kai, ko malamin makaranta ne, ko ma'aikacin lafiya, ko manomi, ko ɗan kasuwa, wato zaɓen motar da za ta iya hanyar ƙauye ba tare da ta gajiyar da jikin mai ita ba, kuma ba tare da ta cinye masa aljihu a gidan mai ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shawarar da nake yawan jin ana ba masu neman irin wannan mota, cewa muddin hanya ba kwalta, to ba makawa sai babbar jif mai ja da ƙafa huɗu. A ganina wannan shawara tana jefa mutane da yawa cikin ɗawainiyar da ba su da buƙatarta, domin tana sa mutum ya sayi mota saboda 'yan kwanakin da hanya ta fi lalacewa a shekara, sannan ya riƙa biyan kuɗin wannan zaɓi a sauran kwanakin shekarar baki ɗaya.

Mafi yawan hanyoyin karkara ba sa neman ƙarfin inji na fitar hankali. Abin da suke nema shi ne tazara tsakanin cikin mota da ƙasa, domin tudun da ke tsakiyar hanya, wanda sawun manyan motoci ke bari bayan ruwan sama, shi ne yake fasa wa ƙananan motoci tukunyar baƙin mai ko ya tsinke musu salansa. Ƙaramar mota ta cikin gari takan sami tazarar santimita 13 zuwa 15, matsakaitan jif irin su Toyota RAV4 da Honda CR-V sukan sami wajen santimita 19 zuwa 21, Subaru Outback kuwa, wadda a zahiri wagon ce da aka ɗaga, ta haura santimita 21. Waɗannan 'yan santimitoci su ne suke raba wanda ya wuce lafiya da wanda ya tsaya neman bakanike. Sai dai a lura cewa ana auna wannan tazara ne motar tana wofi, don haka idan aka cika ta da mutane da kaya za ta zauna, kuma motar da sifirin ɗinta ya gaji ta riga ta rasa wani ɓangare na tazarar tun kafin a ɗora mata komai.

Tarihin mota ma yana goyon bayan wannan magana. Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, da ƙafafun baya kaɗai take ja, amma ita ce ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975, a kan hanyoyin ƙasa masu laka da duwatsu, kuma samfurinta na wagon ya yi shekaru masu yawa yana jigilar mutane da kaya a wuraren da kwalta ba ta kai ba. Sirrinta shi ne sifirin mai laushi da ke ba taya damar hawa da sauka sosai, da taya mai kauri, da jiki mai jure wahala.

Maganar jin daɗin zama ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta, kuma a nan nake so in ɗan tsaya. Mutane da yawa sun ɗauka cewa girman mota shi ne laushinta, alhali abin da ya fara karɓar dukan gargada shi ne gefen taya. Duk mai son ya gane wannan sai ya durƙusa ya karanta lambobin da ke jikin tayar. Idan ya ga an rubuta 225/65 R17, ma'anarsa faɗin tayar milimita 225 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na wannan faɗin ne, wato kusan santimita 14 da rabi na roba da iska tsakanin ƙarfen rim da dutsen hanya. Idan kuwa ya ga 235/45 R19, to gefen bai kai santimita 11 ba. Kamfanoni sukan sa manyan rim masu siririyar taya a kan samfurin da ya fi tsada saboda sun fi ɗaukar ido, sai mai saye ya ƙara kuɗi yana tsammanin ya ƙara jin daɗi, alhali ya sayi motar da za ta fi buga masa baya, wadda kuma rami ɗaya zai iya tsaga mata taya ko ya lanƙwasa rim ɗin. A hanyar karkara, samfuri mai araha mai ƙaramin rim ya fi mai tsada amfani sau da yawa, kuma ban cika jin dillalai suna faɗa wa mai saye hakan ba.

Bayan taya sai ƙirar motar. Manyan jif irin su Land Cruiser da motocin a-kori-kura irin su Hilux ana ɗora jikinsu ne a kan wani firam na ƙarfe daban, abin da ke ba su juriyar kaya mai nauyi da muguwar hanya. Amma a-kori-kura mai sifirin na falle-falle a baya an yi ta ne don kaya, idan bayanta ba komai sai ta riƙa tsalle a kan gargada, wanda ke kujerar baya kuma shi zai fi jin jiki. Wagon da matsakaiciyar jif kuwa jikinsu da firam ɗinsu abu ɗaya ne, sun fi sauƙin nauyi, kuma yawancinsu kowace ƙafa tana hawa da sauka ba tare da ta ja 'yar'uwarta ba, shi ya sa suka fi kwanciya a hanya. Akwai kuma batun tsaro da bai kamata a tsallake ba: duk motar da nauyinta ya yi sama ta fi saurin kifewa idan direba ya kauce wa dabba ko rami da sauri a kan tsakuwa. Saboda haka ne Amurka ta wajabta na'urar daidaita tafiyar mota, wadda ake kira ESC, a kan sababbin ƙananan motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma daga 2014. Mai sayen jif ta hannu ya kamata ya tabbatar tana da wannan na'ura kuma fitilar gargaɗinta ba ta kunne.

Shan mai kuwa abubuwa biyu ne suka fi yanke hukuncinsa, nauyi da iska. Babbar Land Cruiser takan kai tan biyu da rabi, RAV4 kuwa ba ta cika wuce tan 1.7 ba, kuma wannan bambancin nauyi sai inji ya ja shi duk lokacin da aka taka birki saboda rami aka sake tashi, abin da ke faruwa ba adadi a hanyar ƙauye. Iska kuma tana ƙara tirjiya fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: wanda ya tashi daga gudun kilomita 90 zuwa 120 a awa ya ƙara tirjiyar iska da kusan kashi 80 cikin ɗari, kuma mota mai tsayi da faɗin gaba ita ta fi shan wannan wahala. A nan ne wagon ta yi wa jif zarra, domin tana da but mai tsawo amma rufinta yana ƙasa. Kariyar da ake ɗaurawa a saman mota ma tana ƙara shan mai ko ba kaya a kanta, haka nan taya mai ƙarancin iska. Mu ɗauki misali da motoci biyu, ɗaya tana shan lita 8 a kilomita 100, ɗayar tana shan lita 14. Idan kowace ta yi kilomita 20,000 a shekara, bambancinsu lita 1,200 ne. Wanda ya ga wannan lissafi kuma ya zaɓi babbar don aikinsa na buƙatarta, ba mai zarginsa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da nake jin ciwo shi ne wanda ba a taɓa nuna masa lissafin ba.

Kada kuma a dogara da alƙaluman da kamfani ya buga. Ana samo su ne daga gwaji a cikin ɗaki, kuma ko da Turai ta sauya zuwa sabon tsarin gwaji na WLTP a 2017 don ya fi kusa da zahiri, ba gargada ko yashi a cikinsa. Hanya mafi inganci ita ce a cika tanki, a rubuta lambar kilomita, a yi tafiyar da aka saba, a sake cikawa, sannan a raba litocin da suka shiga da nisan da aka yi.

Game da motoci masu haɗa inji da batir, waɗanda Toyota ta fara yaɗawa da Prius a 1997, suna da tattalin mai ƙwarai, amma ribarsu ta fi fitowa a inda ake yawan tsayawa da tashi, a doguwar tafiya mai gudu ɗaya kuwa ratarsu da sauran motoci tana raguwa. Babban abin lura a gare su a karkara shi ne ƙura. Batirin yana shan iska ne ta wata 'yar kafa da ke kusa da kujerar baya, idan ƙura ta toshe ta ko aka jingina jaka a bakinta sai batirin ya riƙa zafi, ransa ya gajarta. Injin dizal yana tafiya mai nisa da lita ɗaya fiye da na fetur, kuma yana da ƙarfin ja a ƙaramin gudu, sai dai sababbin samfura suna da matatar hayaƙi da ke son tsabtataccen mai da doguwar tafiya, in ba haka ba ta toshe, gyaranta kuma ba kowane gareji ke iya shi ba.

Ban ce ja da ƙafa huɗu ba shi da rana ba. Wanda hanyarsa ke ratsa rafi, ko rairayi mai zurfi, ko taɓon da ke haɗiye taya, ko wanda ke jan tirela a hawa, yana buƙatar jif ta ainihi mai ƙaramar giya ta musamman, kuma matsakaiciyar jif ba za ta maye gurbinta ba. Tsarin da ke cikin yawancin matsakaitan jif yana tura ƙarfi baya ne kawai idan ƙafafun gaba suka fara sulɓi, ya wadatar a kan santsi da tsakuwa, amma yakan yi zafi idan aka daɗe ana fama a cikin yashi. Yana kuma da nasa sharaɗi: motoci irin su Subaru suna son tayoyinsu huɗu su kasance iri ɗaya kuma cinsu ya zo kusan daidai, don haka fashewar taya ɗaya na iya jawo sayen fiye da ɗaya. Ja da ƙafa huɗu yana taimaka wa mota ta tashi, amma ba ya rage nisan da take buƙata kafin ta tsaya, wannan aikin taya ne da birki.

Sauran abu biyu ƙanana ne a ido amma su ne suke hana kwana a daji. Na farko, a ɗaga shimfiɗar but a ga abin da ke ƙarƙashi, domin motoci da yawa na yanzu suna zuwa da siririyar safaya wadda ba a yarda ta wuce gudun kilomita 80 a awa ba, wasu ma ba safayar sai kwalbar gam da famfo, waɗanda ba sa ɗinke tayar da dutse ya tsaga ta gefe. Na biyu, a tambayi bakaniken da ya fi kusa da inda ake zuwa ko ya san motar kuma ko kayan gyaranta suna samuwa, domin komai ingancin mota, idan sai an jira makonni kafin a samo mata ƙaramin ƙarfe, ta bar mai ita a ƙasa.

Ranar gwaji kuma kada a yarda a tsaya a kan kwalta mai santsi. A kai motar hanyar ƙasa, a kashe rediyo, a saurari ƙarar da ke fitowa daga ƙafafu, a bar wani ya tuƙa mai saye ya koma kujerar baya na ɗan lokaci, tunda a nan iyali za su zauna. Bayan an tsaya a danna kowace kusurwa da ƙarfi a saki, idan motar ta ci gaba da lilo to abin da ke tare girgiza ya mutu, sannan a leƙa ƙarƙashi da tocila a nemi sawun duka da ɗigar mai.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne duk lokacin da wannan jarida za ta kawo bayanin wata mota, a riƙa faɗa wa masu karatu tazararta da ƙasa, da lambar tayarta, da irin safayar da take zuwa da ita, da man da ta sha a hannun wanda ya tuƙa ta a hanyar da ba kwalta.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum